Yadda Rabe Tela Ya Auna Tukur Ta Cikin Talabijin

A shekarar da aka ba Katsina jiha, akwai wani tela a Kurfi ana ce masa Rabe. In ka saurare shi, sai ka rantse babu wata riga ta kirki a ƙasar nan da ba ta bi ta ƙarƙashin allurarsa ba. Ya ce ya zauna Kano, kuma shi ya ɗinka farin ƙyallen da ake haska fim a kansa a wani gidan silima. Ya ce sai da aka kawo teloli daga Indiya, suka ga faɗin abin, suka nemi kuɗin mota. Babu wanda ya taɓa ƙaryata shi, don babu wanda ya san sunan silimar, har shi kansa.

Abin da mutanen Kurfi suka gani da idonsu kuwa shi ne, in ka kai wa Rabe yadi, ko ka samu riga ko ka samu bayani. Wani manomi daga Wurma ya taɓa karɓar kaftani hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Rabe ya gaya masa riƙon garma ne ya karkata masa kafaɗa. Mutumin ya yi godiya, ya tafi yana ɗaga kafaɗar.

Shagon Rabe yana jikin gidan Alhaji Ummaru mai injin niƙa, daidai bakin hanyar kasuwa, wurin da ko ba ka iya ɗinki ba aiki zai same ka. Alhaji ya daɗe yana jin ƙorafi yana kau da kai, har ranar da Rabe ya ɗinka masa kaftani aljihu a baya. Ya zo shagon sanye da shi, ya juya a hankali.

"Rabe, wannan fa?"

"Ranka shi daɗe, saboda 'yan sane ne. Ba su san da shi ba."

"Ni ma ban san da shi ba sai da na zauna kan makullan mota. In an gama kaka zan karɓi shagona. Bilya na Birchi ya yi magana, kuma shi aljihunsa gaba yake sa shi."

Rabe ya ce dama Bilya ba tela ba ne, mai haɗa tsumma ne. Alhaji ya riga ya yi gaba.

Ana cikin haka sai wani baƙo ya zo da saƙo daga Tukur, babban ɗan Alhaji, wanda ya yi shekaru a Amurka yana karatun aikin ruwa. Saƙon baki ne, cewa zai dawo bayan kaka, sai kuma kaset na bidiyo, a ciki an ɗauke shi yana gaishe da gida. Kaset ɗin ya kwana biyu kan taga, ana zuwa ana ɗaga shi ana dubawa ta hasken rana. Babu wanda ya ga Tukur.

Gogo, mahaifiyar Alhaji, ita ta fi kowa ɗoki, don Tukur jikanta ne, kuma tun yana goye take kiransa angonta. Ta buɗe akwatinta ta fito da wata farar shadda da ta ajiye tun zuwanta Makka, wadda ta hana kowa, har Alhaji.

"A ɗinka wa angona kaftani da wando," in ji ta. "Ba zai tsaya gaban mutane cikin matsattsun kayan Nasara ba. Ranar da ya sauka, ranar zai sa."

"Gogo, da wane awo?" in ji Alhaji. "Yaron da ya tafi kamar sillen kara, wa ya san yadda ya koma?"

Rabe yana daga shago yana jin su ta taga. Ya shigo zaure da tef rataye a wuya.

"Alhaji, ba yana cikin kaset ba? A sayo talabijin in auna shi."

"Ta cikin gilashi?"

"Ranka shi daɗe, ni ba sai na taɓa mutum ba. A Kano na taɓa auna wani attajiri yana wucewa cikin mota. Ka ba ni kaset, ka ba ni shadda. In kayan suka zauna a jikinsa, ka bar mini shagona. In ba su zauna ba, ni da kaina zan kai wa Bilya makulli har Birchi, a ƙasa."

Dama Alhaji yana da niyyar sayen talabijin tun da ya ga maƙwabcinsa ya kafa eriya. Ya dubi Gogo. Gogo ta ce, "Ai Rabe ɗan unguwa ne, a ba shi." Aka ba shi. Aka kuma ce tunda shi ya san silima, shi zai tafi Dutsin-Ma ya zaɓo.

A Dutsin-Ma akwai wani Kefas, mutumin Filato, mai gyaran rediyo da sayar da talabijin sababbi da na hannu. Rabe ya shiga shagonsa ba sallama mai tsawo, ya zare tef, ya fara auna talabijin ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen likkafani.

"Malam, lafiya?" in ji Kefas.

"Mai faɗi nake so. Hoton ƙasar waje zan kalla."

Kefas ya karɓi kaset ɗin ya juya shi. "To, wannan na Amurka ne. Akwai injin bidiyo da zai karanta shi, ga shi nan. Amma ba kowace talabijin ke ɗaukar hotonsu daidai ba. Ka ga wannan ƙaramar? Daga Jidda aka kawo ta, kowane irin kaset tana ci. Bari in sa maka ka gani."

Rabe ya dubi ƙaramar talabijin ɗin, ya ɗora tef a kanta, ya yi tsaki.

"Ɗan Alhaji Ummaru zan sa cikin wanga akurki? Mutum mai digiri? Ai ko zakara ba zai miƙe wuya a ciki ba."

"Malam, ba girma ake dubawa ba."

"Kai ka taɓa ɗinka ƙyallen silima?"

"A'a."

"To ni na ɗinka. Hoton Turawa faɗi gare shi, don ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce. In ka zuba shi a ƙaramin wuri, gefe da gefe ya zube. Waccan fa?"

Waccan ɗin wata tsohuwar talabijin ce a kusurwa, cikin kabad na katako mai ƙafa huɗu da ƙofofi masu zamewa. Faɗinta ya kusa na gadon amarya, sai dai yawancin faɗin katako ne da lasifika. Gilashin yana tsakiya, kamar fuskar mutum cikin babban rawani. Kefas yana ajiye kwanon abincinsa a kanta.

"Wannan ta tsufa, Malam. Ba ta san Amurka ba."

"Za ta sani."

"Aƙalla bari mu gwada a nan."

"In gwada a gaban mutanen Dutsin-Ma, su riga kakarsa ganinsa? Ɗaure mini ita."

Kefas ya ɗaga kafaɗa, ya sauke kwanonsa. Shekara da shekaru yana neman wanda zai raba shi da ita. Ya nuna wa Rabe inda ake danna wa hoto ya tsaya cak, ya haɗa masa da injin bidiyon da wayoyi, ya raka shi tasha har da ɗaga hannu.

Aka ɗora talabijin a bayan a-kori-kura tare da awaki da buhunan taki. Rabe ya zauna a kanta har Kurfi, yana gaya wa fasinjoji cewa akwai mutum a ciki, kada su jingina.

A ƙofar gidan Alhaji aka ga matsala ta farko. Talabijin ta fi ƙofar zaure faɗi. Aka juya ta ta gefe, ƙafafu suka hana. Aka kwantar da ita, lasifika ta yi wani ƙara a ciki. Rabe ya ce ƙofar ce aka yi ta ba bisa ƙa'ida ba, ya aika a kira magini. Alhaji ya dawo daga wurin injin niƙa ya tarar ana sassaƙe masa bakin zaure da gatari.

"Rabe, wannan ma cikin awon ne?"

"Ranka shi daɗe, dama ƙofar ta yi wa darajarka kaɗan."

Washegari da hantsi aka tada janaretan injin niƙa, aka ja waya, aka rataya bargo a sabuwar ƙofa don a yi duhu. Zaure ya cika har ba wurin sa ƙafa. Aka shimfiɗa wa Gogo darduma a gaba. Bilya na Birchi ma ya zo, wai kasuwa ta kawo shi, alhali ba ranar kasuwa ba ce. Ya tsaya jikin bango yana kallon rufin shagon Rabe ta taga, kamar mai lissafin inda zai kafa ƙusa.

Rabe ya yi bisimilla ya danna. Gilashi ya yi tartsatsi, sai ga Tukur. Kafin a ce masha Allah, ya yi sama ya ɓace, ya sake ɓullowa daga ƙasa, ya sake yin sama. Haka ya riƙa yi ba hutawa.

"Ku riƙe shi!" in ji Gogo. "Ummaru, kana zaune ɗanka na tashi sama?"

"Gogo, kwantar da hankalinki," in ji Rabe. "Gidajensu dogaye ne, hawa yake yi."

"Tun ɗazu bai kai ba?" in ji Bilya.

Rabe ya kama abubuwan murɗawa na gaba yana murɗa duk wanda hannunsa ya faɗa a kai. Murya ta tashi, ta sauka, hoto ya yi duhu, ya yi haske. Can sai aka dace, Tukur ya tsaya wuri ɗaya.

Kowa ya ƙura wa gilashi ido.

Hoton ba launi, fari da baƙi ne. Sama da ƙasan gilashin baƙaƙen layuka ne masu kauri, hoton ya taru a tsakiya kamar an zauna a kansa. A ciki ga Tukur tsaye gaban wani gini, da hula a kansa, gajere, mai faɗi, wuyansa ya shige cikin kafaɗu. Motar da ke bayansa ta yi kama da kunkuru.

"Ina launi?" wani ya tambaya daga baya.

"Ƙasar ƙanƙara ce," in ji Rabe. "Ba su da shi."

Gogo ta matsa kusa, ta daɗe tana kallo. Sai ta yi guɗa.

"Alhamdu lillahi! Angona ya samu wuri! Ku dubi kumatu. Ummaru, kai ka taɓa yin wuya haka?"

"Gogo, kamar fa ya rage tsawo," in ji Alhaji.

"Ƙiba ce ta shanye shi," in ji Rabe. "Haka take yi. Abin da ya tafi gefe ai daga sama ya fito."

Tukur yana ta gaisuwa a ciki, yana ambaton mutane da sunayensu, ana amsa masa da ƙarfi. Rabe ya durƙusa gaban gilashi da tef da alli. Ya ɗora tef a kafaɗar Tukur, Tukur ya juya. Ya bi shi, Tukur ya taka gefe.

"Kai, tsaya mana! Haka ake awo a can?"

"Ka yi masa da Turanci," in ji Bilya.

Sai Rabe ya tuna da maɓallin da Kefas ya nuna masa. Ya danna, Tukur ya sandare baki buɗe. Mutane suka yi salati. Rabe ya juyo ya dube su ɗaya bayan ɗaya, don su san wanda ya yi.

Dabararsa kuwa ita ce hula. Hular da ke kan Tukur ita ce wadda ya tafi da ita, kuma tare aka saye ta da ta Alhaji, bakinsu ɗaya. Rabe ya ari hular Alhaji daga kansa, ya auna faɗin bakinta. Ya koma gilashi, ya auna faɗin hular Tukur, ya riƙa jera wannan faɗin daga kafaɗa zuwa gwiwa yana ɗiga alli. Duk hula ɗaya a gilashi, hula ɗaya ce a yadi. Har Bilya sai da ya gyaɗa kai, don abin ya yi kama da ilimi.

Da la'asar Rabe ya fito da tebur ƙofar shago, ya shimfiɗa shaddar Gogo a gaban jama'a. Ya jera hular Alhaji a kanta, ya ja layi. Tsawon bai kai ko'ina ba. Da ya zo faɗi, sai ya tuna da kumatu, ya ƙara taƙi guda kowane gefe saboda abincin jirgi, ya kuma ƙara wani saboda girkin Gogo.

"Rabe, kaftani ne ko rigar tebur?" in ji Bilya.

"Kai ka saba ɗinka wa masu yunwa."

Almakashi ya shiga. Kafin magariba kaftani ya haɗu. Wando aka bari sai gobe.

Da gari ya waye, labari ya kai Wurma da Makera, mutane suka ƙaru. Aka sake tada janareta. Wannan karon Alhaji bai kalli ɗansa ba, baƙaƙen layukan nan ya ƙura wa ido.

"Rabe, na kwana ina tunani. Gilashi guda na saya. Me ya sa sama da ƙasa ba kowa?"

"Na faɗa a raina," in ji Bilya. "An cinye rabin hoton. Wataƙila rabin Tukur ma yana can."

Rabe ya yi dariya irin ta wanda aka yi wa tambayar yara.

"Alhaji, wannan ai kalmasa ce. Duk telan kirki in ya ɗinka riga yakan naɗe baki ya bar saura a ciki, saboda in yaro ya girma a saki. Turawa ma haka suke yi wa hoto. Sun kalmashe shi sama da ƙasa don kada ya zare a hanya. Bilya ba zai sani ba, shi ba ya barin saura, gida yake kai wa."

"To a saki," in ji Alhaji.

Rabe bai yi tsammanin haka ba. Amma ya zagaya bayan talabijin da almakashinsa, yana neman inda zare yake. Bai ga zare ba, sai wasu 'yan ramuka a jere. Ya zura tsinin almakashi a na farko. Wani abu ya ce ɗas, Rabe ya yi tsalle ya bugi bango, hularsa ta faɗi.

"Lafiya?"

"Gaisawa muka yi."

Ya naɗe hannu da ƙyalle, ya zura a rami na biyu, ya ji wani abu yana juyawa. Ya murɗa. Daga gaba aka ɗauki sowa, don layukan baƙi sun fara ja da baya.

"Tana sakuwa! Ƙara, Rabe, ƙara!"

Rabe ya ji an ambaci sunansa cikin sowa, abin da bai taɓa faruwa ba, sai ya murɗa har abin ya ƙi gaba. Ya fito yana karkaɗe hannu. Ya dubi gilashi.

Baƙi ya tafi. Hoto ya cika gilashi har ya wuce. Tukur ya miƙe kamar an ja shi ta kai da ƙafa, fuska doguwa, wuya kamar na zalɓe, ƙafafu kamar sandunan rumfa. Saman hularsa ya shige cikin katako. Motar da ke bayansa ta zama kamar rumbu.

Gogo ta dafe ƙirji.

"Inna lillahi! Dare ɗaya? Me suka yi wa angona?"

"Gogo, kaset ɗin jiya ne," in ji Alhaji.

"Na jiya yana da kumatu! Ummaru, yunwa ce. Na gaya maka kada a kai shi inda ba dawa." Ta tashi tana kuka, ta shiga gida tana kiran a jiƙa gero, a nemo man shanu.

Zaure ya rabu biyu. Waɗanda suka zo jiya suka ce Tukur gajere ne, sun gani da idonsu. Waɗanda suka zo yau suka ce dogo ne, ga shi nan ana gani. Wani dattijo daga Makera ya ce shi dai tun yaron na ƙarami ya lura ba ya tsayawa kan magana ɗaya. Alhaji ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Rabe, wanne ne ɗana?"

"Duka biyun, ranka shi daɗe."

"Ɗaya na haifa."

"Ai ƙasar sanyi ce. Ka ga fata in ta sha sanyi, takurewa take yi, in ta ji rana ta saki. Jiya mun gan shi da sanyin safiya, yau rana ta fito masa."

"To nan Kurfi wanne zai zo?" in ji Bilya. "Na safe ko na rana?"

Rabe ya yi tunani, ya kalli kaftanin da ya riga ya yanka, ya kalli sauran shadda.

"Zafi daga ƙasa yake tasowa. In ya sauka, ƙafafu za su fara sakuwa, sama kuwa sai ya kwana biyu. Saboda haka kaftani na jiya daidai ne. Wando kuma na yau za a bi."

"Alhaji," in ji Bilya, "da an koma wurin mai talabijin an kalla a wata."

"A kai ɗan Alhaji Dutsin-Ma a yi ta gwada shi a akwatuna kamar takalmi?" in ji Rabe. "Ranka shi daɗe, ka ji irin mutumin da kake son ba shago."

Alhaji ya dubi shaddar da aka riga aka raba, ya ga ba abin da zai dawo da ita. Ya cire hularsa da kansa ya miƙa.

Rabe ya tsayar da Tukur, ya jera hula daga ƙugu zuwa idon sawu. Alli ya kusa ƙarewa kafin a kai ƙasa. Da ya zo faɗin ƙafa, ya dubi waɗannan sandunan rumfa, tausayi ya kama shi, ya rage sosai don kada yaro ya yi yawo a ciki. Ya bi kowane ɗinki sau biyu, ya sake bi, don kada Bilya ya samu abin faɗa. Aka kai wa mai bugu, aka ninke, Gogo ta turara ta ajiye.

Bayan kaka Tukur ya sauka. An kafa rumfa ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, dattawan gari sun jeru, har da wakilin hakimi da liman. Mota ta tsaya, mutanen jiya da mutanen yau suka matso, kowa na son a ga gaskiyarsa.

Wani matsakaicin mutum ya fito. Ba dogo ba, ba gajere ba, ba mai ƙiba ba, ba ramamme ba. Ya tsaya kusa da Alhaji, kafaɗa da kafaɗa, ko yatsa ɗaya babu tsakaninsu.

"Ikon Allah," in ji Bilya a hankali, amma yadda kowa zai ji. "Da Alhaji aka auna."

Rabe ya ce hanya ce ta gauraya shi, a bar shi ya huce.

Gogo ba ta bari ya gaisa da kowa ba. Ta ja shi cikin gida tana shafa fuskarsa tana neman kumatu, ta ce ba zai tsaya gaban dattawa da wannan 'yar shara ba. Ta miƙa masa kayan. Tukur ya warware wandon, ya ga yana ta warwaruwa. Ya dubi Gogo, ya ga idonta ya cika da hawayen murna. Ya shiga ɗaki.

Aka daɗe ana jira. Daga waje ana jin nishi, da wani abu kamar ana jan buhu. Aka ji ya nemi sabulu. Liman ya duba rana.

Daga ƙarshe ya fito ta sabuwar ƙofar zaure, kuma ranar ce aka ga amfanin faɗinta. Kaftanin ya tsaya daidai cibiya, ya baje gefe da gefe kamar lema, ga sitaci ya sa ya ƙi kwanciya. Hannuwan sun ƙare a gwiwar hannu. Wandon ya kama shi tun daga cinya kamar fatar ganga, sauran ƙafafun kuma suna biye da shi a ƙasa, kowace ta isa a yi wa yaro wani wandon. Yana tafiya ba ya lanƙwasa gwiwa, yana jefa ƙafa ɗaya gefe, ya jefa ɗayar.

Babu wanda ya yi dariya. Shaddar Gogo ce, kuma ga wakilin hakimi.

Tukur ya iso gaban dattawa. Kowa ya san abin da ke biye: yaro in ya dawo daga tafiya, durƙusawa yake yi har ƙasa ya gaida manya. Tukur ya tsaya ƙiƙam. Ya ce, "Barkanku da rana," daga can sama.

Aka fara kallon juna. Dattijon Makera ya ce, "To, ga abin da ake gudu. An je Amurka an baro gwiwa a can." Wakilin hakimi ya janye hannun da ya fara miƙawa. Fuskar Alhaji ta canza.

"Tukur," in ji shi ƙasa-ƙasa, "durƙusa."

"Baba, ba ya yiwuwa."

"A gidana ka koyi ba ya yiwuwa? Durƙusa!"

Tukur yaro ne mai biyayya. Ya cije leɓe ya ba gwiwa umarni. Wando ya ƙi. Ya sake gwadawa da ƙarfi, ya taka ragowar ƙafar wandon, ya tafi gefe gaba ɗaya kamar an sare gwanda. Ya faɗi a miƙe kan tabarma gaban liman, kaftani ya kife masa a ka. Daga ƙarƙashin shadda aka ji murya ta ce, "Ina wuninku."

"Lafiya lau," in ji liman. Daga nan ne rumfa ta fashe.

Aka taru aka ɗaga shi, aka tsayar da shi kamar azara, ya ce ƙafafunsa sun fara mutuwa. Aka ja wandon ta ƙasa, mutum biyu kowace ƙafa, Tukur ya biyo su. Aka ce sai dai a farke. Rabe ya matso da almakashi yana cewa dama gwaji ne wannan, gyaran kaɗan ne.

"Kada ka taɓa mini ɗa," in ji Alhaji. "Bilya, zo da naka. Rabe, kawo makulli."

"Ranka shi daɗe, ai na ce har Birchi zan kai masa."

"Na yafe maka tafiyar. Ga shi nan."

Rabe ya ciro makulli ya miƙa. Bilya ya jefa shi aljihun gaba, ya durƙusa ya kama ɗinkin wandon. Ya sa tsinin almakashi, zare ya ƙi. Ya sa reza, ya yanke layi ɗaya, ya tarar da wani a ƙarƙashi, ya yanke shi, ya tarar da na uku. Gumi ya fara ɗiga daga hancinsa. Tukur yana jingine da bango yana kallon sama, Gogo tana yi masa fifita tana ba shi fura a baki.

Rabe ya koma gefe inda mutanen Wurma suke tsaye, ya gyara tef a wuyansa, ya nuna Bilya da haɓa.

"Kun ga yadda yake gumi? Ku faɗa mini tsakani da Allah, duk ƙasar Kurfi wa ke ɗinki mai ƙarfi haka?"